Ta Gwamnati Ko Ta Kuɗi: Yadda Ake Gane Yaro Yana Koyo, Da Yadda Ake Gyara In Ba Ya Yi

Duk lokacin da za a koma sabuwar shekarar karatu, magana ɗaya ce ke yawo a gidajen Zariya, daga cikin Birni har Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru: a bar yaro a firamaren gwamnati ko a matse a kai shi makarantar kuɗi? Masu son ta kuɗi suna kafa hujja da Turanci da tsabtar kaya da cewa malami ba ya fashi. Masu son ta gwamnati suna cewa can ne ake da malamai masu takardar koyarwa, ga kuma kuɗin zango uku da ba kowa ke iya ɗauka ba. Kowa da gaskiyarsa, amma an tsallake tambayar da ta fi: wannan yaron, a yau, me ya iya? Akwai ɗan aji 5 na gwamnati da bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Akwai kuma ɗan aji 5 na makarantar kuɗi mai zuba Turanci, wanda in aka ba shi labari mai layi shida aka ce me ya faru a ciki sai ya yi tsuru. Dukansu biyun abu ɗaya suka rasa, wato malamin da ya san inda suka tsaya ya fara daga nan, a cikin ajin da ke da tsari.

Gwajin minti 15 a gida

Kafin a yi maganar sauya makaranta, a gwada yaron. Katin sakamako ba ya wadatarwa, domin maki 80 a jarrabawar da aka hardace amsoshinta ba ya nuna komai.

A ɗauki takarda ɗaya a raba ta huɗu, a rubuta da hannu manya-manya. Kashi na farko haruffa goma a hargitse, kamar m, ɗ, s, a, ƙ, u, r, b, k, e. Na biyu kalmomi goma da ya sani a baki: gida, rana, tuwo, ƙofa, ɗaki, ruwa, kifi, hula, tsuntsu, makaranta. Na uku gajerun jimloli huɗu. Na huɗu labari mai layi takwas zuwa goma da kai ka ƙirƙira, wanda ba ya cikin littafinsa. A fara masa da jimlolin. In ya karanta su kamar mai magana, kuskure bai wuce uku ba, a hau da shi zuwa labari. In ya kasa, a sauko kalmomi, ya zaɓi biyar, a nemi ya sami huɗu. In nan ma ya kasa, a sauko haruffa. Inda ya tsaya, nan ne matakinsa, ko aji nawa yake. Salon gwajin ya samo asali ne daga ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya, kuma an yi aiki da shi a jihohin Arewa da dama. In ya kai labari, a karɓe takardar a yi masa tambaya biyu, ɗaya amsarta na fili a cikin labarin, ɗaya kuma ta "don me".

A yi gwajin da Hausa tukuna, sannan a sake irinsa da Turanci. Dalili shi ne rubutun boko na Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, don haka yana ware mana iya karatu daga iya harshe. Yaron da ya karanta Hausa ya kasa Turanci, kalmomin Turanci ne bai sani ba, kuma wannan ya fi sauƙin gyara. Wanda ya kasa duka biyun bai gane yadda haruffa ke haɗuwa ba, sai an koma da shi tushe. Wanda ya karanta Turanci tiryan-tiryan amma bai iya ba da labarin ko da Hausa ba, furuci aka koya masa ba tare da ma'ana ba. Ɗan makarantar kuɗi da ba a taɓa koya masa Hausa ba, a fara nuna masa ɓ, ɗ, ƙ, ts da yadda ake faɗin c. In da gaske ya iya haɗa haruffa, cikin 'yan mintoci zai kama.

A lissafi, a fara da gane lambobi daga 1 zuwa 9, sai 10 zuwa 99 a hargitse, sai ɗebewa mai aro kamar 52 a ɗebe 27, sai rabawa kamar 456 a raba 3 ga ɗan aji 4 zuwa sama. A lura da irin kuskuren, domin shi ne ke nuna ciwon. Yaron da ya ba da 35 maimakon 25 yana ɗebe ƙaramar lamba daga babba a kowane gurbi, bai san me aro ke nufi ba. Wanda aka ce ya rubuta ɗari da biyar ya rubuta 1005 bai gane gurbin lamba ba. A ƙarshe a yi masa tambayar baki: an ba ki naira 500, kin sayi abin 350, nawa ne canjinki? Yarinyar da ke talla za ta amsa kafin ka rufe baki, ta kuma kasa wannan lissafin a takarda. Ita kanta lafiya ƙalau take, hanyar da za ta haɗa lissafin kasuwa da na aji ce ba a nuna mata ba.

Kada a yi gwajin da bulala a kusa, ko a gaban 'yan'uwa masu dariya, ko bayan ya dawo Islamiyya a gajiye. Kada kuma a taya shi da harafin farko. A rubuta kwanan wata da matakin da ya tsaya a ajiye takardar, za a buƙace ta ƙarshen zango.

Inda ta gwamnati ke tuntuɓe

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, saboda haka hedimastan gwamnati ba shi da ikon cewa aji ya cika. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a unguwanni masu cinkoso ana samun ninkin haka a aji guda, kuma yawan ya ƙaru lokacin da jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a 2016. Darasin minti 35 a aji mai yara 80, in an raba daidai, kowane yaro bai kai daƙiƙa 30 ba. Shi ya sa malami ke komawa ga abu biyu da ake iya yi wa taro, wato a maimaita da ƙarfi gaba ɗaya, da kwafar abin da ke kan allo. Duka biyun kama suke da karatu daga taga. Yaro yana iya cika littafi uku da rubutu mai kyau alhali zana haruffan kawai yake yi.

Sai ɓarnar lokaci. Makara, shara, taron safe da ya yi tsawo, tara da aka ce minti 30 ta koma awa, malami ya tafi ofishin ilimi tantancewa. A farkon 2022 kuma jihar ta mayar da makarantunta kan kwana huɗu a mako. Ga shi ana ciyar da yaro gaba kowace shekara ko ya iya ko bai iya ba, malamin aji 4 kuma tsarin aikin zango yake bi domin shi masu duba makarantu ke tambaya. Wanda aka bari a baya a aji 1, haka zai yi ta zama yana kallon allo har aji 6.

A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar matakin aji 4, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su aka ɗauki sababbi. An yi ta gardama kan yadda aka yi abin. Ko ma wane ɓangare mutum yake, ajin da sabon malami ya shiga bai ragu ba, yaran kuma ba a mataki ɗaya suke ba, kuma wannan ne ke hana ko da malami nagari yin tasiri.

Gyaran da ya fi aiki a irin wannan makaranta ba ya cin kuɗi, izinin hedimasta da gyaran jadawali kawai yake nema. A yi wa duk 'yan aji 3 zuwa 5 gwajin nan, malami ɗaya yana iya gama yara 15 zuwa 20 a rana. Sai a ware awa ɗaya kullum da safe, a hargitsa azuzuwan bisa mataki: masu neman haruffa ɗaki ɗaya, masu kalmomi ɗaki ɗaya, masu jimla da labari ɗaki ɗaya. Bayan awar kowa ya koma ajinsa. Malamin da ya fi haƙuri da ƙwarewa shi ake ba 'yan haruffa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jibga su wa sabon malami. A sake gwaji duk mako huɗu zuwa shida, wanda ya haye a matsar da shi nan take, in ba haka ba rukunin ƙasa sai ya zama tambarin daƙiƙai, manyan yara su daina zuwa don kunya. Rukunan a ba su sunayen da ba su nuna fifiko, na itatuwa ko na ƙofofin gari. Ɗaliban koyon malanta na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da na sauran makarantun horar da malamai da ake turowa makarantun Zariya, a nan ya kamata a yi amfani da su, su riƙe ƙananan rukunai na yara goma-goma.

Inda ta kuɗi ke tuntuɓe

Makarantun kuɗi ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu fili da ɗakin karatu da malamai da suka daɗe, akwai kuma gida mai ɗaki huɗu a cikin lungu da aka liƙa wa allo. Abin da suka fi ta gwamnati da shi sananne ne: aji ƙarami, mai makaranta yana tsaye kan zuwan malamai, yaro na da littafi a hannu, iyaye kuma da yake sun biya suna tambaya. Rauninsu daga wuri ɗaya yake fitowa. Mai makaranta da kuɗin iyaye yake rayuwa, don haka abin da iyaye za su gani su ji daɗi shi ake fifitawa. Ɗan shekara 3 da hannunsa bai gama ƙwari ba a sa shi rubuta 1 zuwa 100. A hardace masa jihohi 36 da manyan biranensu kafin ya san sautin haruffa. Ɗan aji 1 ya ɗauki jaka mai darussa goma sha, karatu da lissafi su sami ɗan abin da ya rage na lokaci. Kafin jarrabawa a yi "bita" da tambayoyin da za su fito, kowa ya ci, ba wanda zai cire ɗansa.

Abu biyu sun fi sauran illa. Ɗaya shi ne cin tarar yaro ko dukansa don ya yi Hausa. Yaron da bai ji Turanci ba aka kuma hana shi harshensa, ba shi da bakin da zai ce bai gane ba, sai ya koma hadda. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta kawo shawarar a fara koyarwa da harshen gida ko na yankin da yaro yake, kuma a Zariya har a unguwannin da ƙabilu suka cakuɗa yawancin yara da Hausa suke wasa. Ɗaya kuma tsallake aji, a ɗauke yaro daga aji 4 ko 5 a kai shi ƙaramar sakandare don ya ci jarrabawar shiga. A shekarun da aka tsallake ne ake ƙarfafa rabawa mai tsawo da kason lamba da rubuta insha'i, kuma giɓin yakan bayyana a lissafin sakandare lokacin da gyara ya yi wuya.

Albashi kaɗan yana sa malamai sauyawa, yaro ya ga malami uku a shekara. A tambaya kai tsaye: malamin ajin ɗana tun yaushe yake nan, wace takarda gare shi? NCE ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Nijeriya, kuma ana son malami ya yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. A nemi ganin shaidar amincewar hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta jihar Kaduna.

Yadda ake koyar da karatun kansa

Wannan ɓangaren ɗaya ne ko a wace makaranta, kuma minti 45 zuwa awa ɗaya yake buƙata kullum. Kullum ɗin ita ce sirrin. Awa uku ranar Asabar ba ta maye gurbin minti 45 na kwana huɗu ba.

Minti biyar na farko bitar haruffan jiya. Sai sabon harafi, ɗaya a rana ko biyu ga manyan yara, a koya sautinsa kafin sunansa. Ba dole a bi jerin a, b, c ba. A fara da a, i, u da baƙaƙe masu yawan fitowa irin m, n, k, s, d, yadda cikin makonnin farko yaro zai karanta nama, kaka, suna, kuma, ya ga cewa abin na da amfani. Yaran da suka yi makarantar allo sun riga sun san tsarin babbaƙu da farfaru, a gaya musu nan ma baƙi ne ake ɗora wa wasali, za su kama da wuri. Rera ba, be, bi, bo, bu yana da amfani kwana biyu, bayan haka waƙa ce kawai. A rubuta gaɓoɓin a kan gutsattsarin kwali a riƙa ɗagawa a hargitse: bu, ka, mi, bo. Wanda ya tsaya yana rerawa daga farko kafin ya kai ga amsa, bai iya ba tukuna.

Tsarin kowane mataki shi ne malami ya yi, a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. Na ukun ne ake yawan tsallakewa. A aji mai yara 80, a kira goma kullum su karanta layi ɗaya-ɗaya, a sa alama a rajista, cikin kwana takwas an ji muryar kowa. A zaunar da masu rauni a gaba, kowa kusa da wanda ya ɗara shi kaɗan.

Wuraren da yara ke maƙalewa sanannu ne. Suna juya b da d, don haka kada a koyar da su a mako ɗaya. Suna barin lanƙwasar ɓ, ɗ, ƙ, sai a ba su kalmomi biyu-biyu su bambanta, kafa da ƙafa, kara da ƙara. Gaɓa mai rufe da baƙi kamar har, kan, tsun, da baƙi mai maimaituwa kamar baba da babba, suna son mako guda nasu na kansu. Da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, kalma kamar gari sai a cikin jimla ake gane wadda ake nufi, shi ya sa ba a daɗewa kan jerin kalmomi, da ya iya kalma ashirin a shiga jimla.

Minti goma na shifta kullum, kalma biyar da jimla ɗaya, a gyara nan take a kan allo, kowa ya duba na maƙwabcinsa. Shifta ce ke tona wanda ke kwafa. Minti goman ƙarshe malami ya karanta musu labari da murya mai daɗi, ya tsaya a tsakiya ya ce me kuke jin zai faru. Daga aji 3 a riƙa auna sauri da agogo. Masu nazarin karatu na yawan ambaton kalma 45 zuwa 60 a minti a matsayin saurin da fahimta ke samuwa, domin mai jan kalma ɗaya-ɗaya kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta.

Turanci a fara shi da baki tun aji 1, gaisuwa, sunayen abubuwa, umarni, waƙoƙi. Karanta shi kuma ya fi sauƙi bayan yaro ya iya haɗa gaɓoɓin Hausa. A sani Turanci na da sautuka fiye da 40 a kan haruffa 26, harafi ɗaya na iya ba da sauti uku, don haka dole a koya shi sauti-sauti a hankali. Ɗan Bahaushe zai haɗa p da f, zai kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu. Wannan al'adar harshensa ce, da atisaye ake gyara ta, tsawa ba ta da aiki a nan.

Lissafi da tsinken tsintsiya

Tsintsiya ɗaya ta isa yara da dama. A yanka tsinke tsawon yatsa, kowane yara biyu su sami 100, su ɗaure goma-goma da zare ko roba. Ɗauri gomomi ne, tsinke ɗai-ɗai. A ce su ajiye 52, ɗauri biyar da tsinke biyu, a ce su cire 27. Da kansu za su ga biyu ba ta isa a cire bakwai ba, sai an kwance ɗauri ɗaya, a koma ɗauri huɗu da tsinke 12. Aro ke nan. A rubuta a allo daidai lokacin da hannu ke yi, a yi haka mako biyu kafin a janye tsinken. Ƙirgar Hausa na taimakawa, domin hamsin da biyu ta faɗi gurabenta da bakinta. Jadawalin sau a fara da 2, 10 da 5, sai 4 da 3, minti biyar kullum, a riƙa tambaya a hargitse. Kada a shiga rabawa da yaron da ɗebewa ba ta zauna masa ba.

Tarbiyya da horo

Iyaye da yawa da tsananin duka suke auna tarbiyyar makaranta, wasu har cewa suke yi, "Malam, ka dake shi, ƙashinsa kawai nake so." Mu a ganinmu wannan ya ɓata yara fiye da yadda ya gyara. A makarantar gwamnati bulala kan zama hanyar riƙe taro, a makarantar kuɗi kuma ko dai a kunyata yaro gaban aji, ko a kau da kai ga ɗan mai hali don kada a rasa kuɗinsa. Yara suna gane rashin adalcin nan da wuri, kuma shi ke kashe girman doka a idonsu.

Ƙa'ida ta farko, ba a hukunta yaro don bai sani ba. Wanda aka daka don ya kasa karanta layi, abin da ya koya shi ne ɓuya a bayan aji da motsa baki tare da jama'a. Horo na laifi ne, laifin da aka riga aka gaya masa.

Dokokin aji kada su wuce biyar, a faɗe su da abin da ake so a yi: ɗaga hannu kafin magana, zama a wurinka, kiran kowa da sunansa na gaskiya. Mako biyu na farkon zango a yi atisayensu kamar darasi, yadda ake shiga aji a layi, yadda ake raba littattafai daga kan benci, yadda ake neman izinin fita. A sami alamar shiru guda ɗaya, kamar tafi uku da yara za su amsa, malami ba ya magana sai an yi tsit. Kafin yara su shigo a rubuta ɗan aiki a allo, domin yawancin rikicin aji a lokacin zaman banza yake tashi. Malami ya riƙa zagayawa tsakanin bencina. Hukunci ya hau mataki-mataki: kallo, kiran suna, sauya wurin zama, tsayawa minti biyar bayan an fita tara a yi magana, sannan kiran iyaye. Ya kuma dace da laifin, wanda ya zubar da shara ya share, wanda ya yaga littafin wani ya liƙe ya ba da haƙuri. Yabo a yi shi da suna da abin da aka yi: "Madalla Hauwa, yau kin sa lanƙwasar ƙ a duk kalmomin." Monita aikinsa rabon alli da littafi, kada a ba shi bulala, kada a sa shi rubuta sunayen da za a daka, nan ake koyon zalunci da cin hanci na alewa.

Mari a kunne na iya fasa dodon kunne. Tsallen kwaɗo da durƙuso a rana, musamman a zafin Maris da Afrilu, na iya sumar da yaro. Dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa ta 2003 ta hana azabtar da yaro da wulaƙanta shi, jihar Kaduna ma ta yi tata a 2018. Amma ko ba doka, malamin da ya ɗaga hannu cikin fushi ba ya iya auna inda zai tsaya.

Makara ita ce laifin da aka fi hukuntawa ba daidai ba. A tare yaro a ƙofa a sa shi cirar ciyawa, ya rasa darasin farko, wanda galibi karatu ne ko lissafi. A bar shi ya shiga aji, a rubuta sunansa, in ya yi sau uku a mako a bincika. Sau da yawa ɗiban ruwa ne, ko tallar koko, ko karatun allo na asuba da ya ja, ko sanyin hunturu da ba a da ruwan zafi. Duk waɗannan da manya ake maganarsu, iyaye ko malamin allo, kuma aikin SBMC ne, wato kwamitin iyaye da mutanen unguwa mai kula da makaranta. Yaron da aka ce ba ya ji, a fara duba ko yana ji ɗin da gaske. A tsaya bayansa a faɗi kalma a hankali ya maimaita. A sa shi karanta allo daga bencin baya, in yana ƙanƙance ido a kai shi asibiti. A tambaya ko ya karya kumallo.

Abin da iyaye za su duba, da lokacin sauya makaranta

A ziyarci makarantar ba tare da sanarwa ba, tsakiyar mako, wajen ƙarfe 8:30. A ga aji nawa ne ke da malami a tsaye yana koyarwa. A buɗe littafin rubutun yaro biyu ko uku, a duba kwanan watan aikin ƙarshe, da ko an gyara kuskure ko an ja jan biro kawai an wuce. A duba banɗaki da ruwa, domin rashinsu na korar 'yan mata manya. Wurin hedimasta a shiga da ladabi da takardar gwajin a hannu: "Ranka ya daɗe, na gwada yaron nan na ga a kalmomi ya tsaya, me za mu yi tare kafin ƙarshen zango?" In ta gwamnati ce kuma matsalar ta fi ƙarfinsa, kamar rashin malami, iyaye su bi ta SBMC zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Zariya ko Sabon Gari, a rubuce, da sa hannun mutane da yawa.

A gida minti 20 bayan Magariba ko kafin Islamiyya ya isa. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana iyawa: ya karanta mata da ƙarfi, ta ce rufe littafin ka ba ni labarin. In za a ɗauki mai lesin, a ba shi takardar gwajin a ce daga nan zai fara. Mai lesin da ke yi wa yaro aikin gida ya miƙa, ɓoye matsalar yake yi.

Ƙarshen zango a sake gwajin da sababbin kalmomi da sabon labari. In ya hau mataki ɗaya, a bar shi inda yake ko da makarantar ba ta da fenti. In zango biyu suka wuce bai motsa ba, an yi magana da makaranta, an duba ido da kunne, to a nemi wata. A lissafa kuɗin shekara gaba ɗaya, zango uku da littattafai da kaya da abin hawa, sau yawan yaran gidan, domin yaron da ake korowa gida mako uku kowane zango saboda bashi ya fi asara a kan wanda ke zaune lafiya a ta gwamnati. Sauyin a yi shi farkon zango, a tafi da takardun gwajin biyu, in kuma sabuwar makarantar ta gwada shi ta ce a mayar da shi aji ɗaya baya, a yarda.